Mu Koyi Turancin Jarida: Kalmar "Charge" da Fuskokinta Shida

  A wannan wata za mu ɗauki kalma guda ɗaya tak, mu juya ta ciki da waje. Kalmar ita ce "charge", ana furta ta kamar "caj". Ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin Hausa ta daɗe da aro ta. Muna cewa caji ofis, muna cewa cajin waya, muna cewa makaniki ya caje ni da tsada. To, sanin da muka yi mata rabi da rabi shi ne ke jefa mu cikin matsala.

Abin da ya jawo darasin

Masu karatunmu na Kamba da Bagudo ba su manta da watan Agusta na 2019 ba, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Iyakar Kamba ba a sake buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022, tare da ta Jibiya da Idiroko da Ikom. A tsakanin nan kusan kullum jaridu na ɗauke da labarin kame da kai mutane kotu.

A cikin wannan lokaci ne wani dattijo ya same ni ranar kasuwa a Kamba, riƙe da guntun jarida da ya sha ninki. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan takarda." Na ce, "To Baba, kawo mu gani." Labarin ɗan ƙanensa ne, direba, wanda aka kama da buhunan shinkafa. A kanun labarin akwai kalmomin "charged with smuggling". Jikansa ɗan makaranta ya fassara masa da cewa an caje shi. Dangi suka ɗauka tara ce aka yanka. Suka sayar da san huɗa, suka danƙa kuɗin ga wani da ya ce ya san hanya. Ba rasit, ba shaida. Mutumin ya yi ɓatan dabo, direba kuwa yana nan a tsare.

Na ce, "Baba, ba a ci shi tara ba. Takardar nan cewa ta yi ana tuhumarsa, ko shari'ar ma ba a fara ba." Dattijo ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ashe kalma ɗaya ce ta cinye mana sa." Kalmar nan ita ce darasinmu na yau.

Asalin kalmar

Turawan Ingila aro kalmar suka yi daga Faransanci, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, daga sunan keken ɗaukar kaya. Ma'anarta ta farko ita ce yin lodi, watau ɗora kaya. Har yau a Faransanci haka take. Duk direban da ke ƙetarawa Gaya ko Malanbil ya sha jin ana cewa "sharje" idan za a loda wa mota kaya. Kalmar ce dai guda, lafazi ne ya bambanta.

Wannan zai sauƙaƙa mana aiki ƙwarai, domin Bahaushe ma haka yake yi da kalmar ɗora. Ana ɗora wa jaki kaya. Ana ɗora wa mutum laifi. Ana ɗora wa gari haraji. Ana ɗora wa wakili nauyi. Saboda haka duk inda ka ga "charge" a jarida, fara da tambayar kanka: me aka ɗora, wa ya ɗora, kuma wa aka ɗora wa?

Yadda 'yan jarida ke rubuta kanun labari

Kafin mu shiga ma'anoni, sai mu san dabaru uku na masu rubuta kanun labari, domin wuri ya yi musu kaɗan, suna taƙaita magana. Jimlolin da za ku gani a ƙasa ni na tsara su bisa salon jaridunmu domin darasi.

Na farko, abin da ya riga ya faru sukan rubuta shi kamar yanzu yake faruwa. "Police charge driver" na nufin 'yan sanda sun riga sun tuhumi direba.

Na biyu, idan ka ga "to" tsakanin mai aiki da aikatau, abin bai faru ba tukuna. "Police to charge driver" na nufin za su tuhume shi nan gaba.

Na uku, idan kalmar ta ƙare da "ed" kuma ta biyo bayan sunan mutum kai tsaye, shi aka yi wa aikin, ba shi ya yi ba. "Driver charged" na nufin an tuhumi direba. Amma "Driver charges" na nufin direban ne ya yi wa wani caji. Harafi ɗaya ne kawai ya raba wanda ke gaban alƙali da wanda ke karɓar kuɗin mota.

Fuska ta ɗaya: ɗora laifi, watau tuhuma

Wannan ita ce mafi nauyi. Alamarta ita ce kalmar "with" tana biye, sannan sunan laifi.

"Trader charged with theft." An tuhumi ɗan kasuwa da sata.

"Three charged with smuggling." An tuhumi mutum uku da fasa-ƙwauri.

Jaridun Nijeriya kuma suna yawan rubuta "charged to court", watau an gurfanar da mutum gaban kotu. Idan ka ga "three-count charge", tuhuma uku ake yi masa. "Charge sheet" ita ce takardar da aka rubuta tuhumar a kai. "Charges dropped" ko "charges withdrawn" na nufin an janye tuhumar. Caji ofis ɗinmu ma daga nan ya samo suna, domin nan ne ɗakin da ake rubuta ƙara a ofishin 'yan sanda.

A nan sai mu kula sosai. Tuhuma daban, hukunci daban. Shari'a tana da matakai kamar tsani, kuma kowane mataki da kalmarsa a jarida:

"Arrested": an kama shi.

"Charged" ko "arraigned": an tuhume shi, an karanta masa laifin gaban alƙali.

"Remanded": alƙali ya sa a ajiye shi a tsare kafin ranar zama na gaba.

"Granted bail": an ba da belinsa.

"Convicted": kotu ta same shi da laifi.

"Sentenced": an yanke masa hukunci. Idan tara ce za a rubuta "fined", idan ɗauri ne "jailed".

"Acquitted": kotu ta wanke shi.

Kun ga ke nan direban nan yana kan mataki na biyu ne, dangi suka ɗauka ya kai na shida. Kalmar tara ita ce "fine". Kotu ce ke yanka ta, a kotu ake biya, kuma sai an ba ka rasit.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya yi magana a kan waɗannan matakai. Sashe na 36 ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashen ya kuma ba shi haƙƙin a bayyana masa tuhumar da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Ko Hausa kake ji, ko Dandanci, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, haƙƙinka ne ka nemi a fassara maka. Sashe na 35 kuwa ya tanadi a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24. Ya kuma tanadi a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wannan ƙa'idar kwanaki ba ta shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa tun 1976 domin talakawa.

Akwai wani amfani na sanin wannan bambanci. Sau da yawa a majalisa sai ka ji an ce wane ɓarawo ne, ai jarida ta buga. Alhali abin da jarida ta buga shi ne ana tuhumarsa. In kotu ta wanke shi daga baya, wa zai bi gida gida ya wanke sunansa? Mai karatu nagari ba ya riga alƙali yanke hukunci.

Fuska ta biyu: ɗora kuɗi

Alamar wannan ita ce ka ga adadin kuɗi, ko kalmar "for" tana biye da abin da ake biya dominsa.

"Drivers charge N2,000 for trip." Direbobi na karɓar naira 2,000 kuɗin tafiya.

"Millers charge farmers more." Masu injin casa sun ƙara wa manoma kuɗi.

Daga nan muke samun "bank charges", watau 'yan kuɗaɗen da banki ke cirewa, da "service charge", watau ladan aiki. Misali na zahiri shi ne naira 50 da Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗora a kan tura kuɗi ta banki daga naira 10,000 zuwa sama. Idan saƙo ya shigo wayarka ka ga "charge" da ƙaramin adadi a gefensa, kada gabanka ya faɗi, ba ƙararka aka kai ba, kuɗin aiki ne aka cire. "Overcharge" kuma shi ne a karɓi fiye da ƙa'ida.

Akwai kalmomi uku da nake so kowane ɗalibi ya haddace kamar sunansa: "free of charge". Ma'anarsu kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Idan ka gan su a allon asibiti ranar rigakafi, ko a sanarwar yin rajistar zaɓe, sannan wani ya miƙo maka hannu, to ka nuna masa allon.

Yanzu gwada waɗannan biyu ka ga bambanci. "Charged for rice": an karɓi kuɗin shinkafa a hannunsa. "Charged with smuggling rice": ana tuhumarsa da fasa-ƙwaurin shinkafa. Wasu marubuta sukan yi sakaci su sa "for" a gaban sunan laifi. In ka ga haka, duba abin da ya biyo baya. Idan sunan laifi ne, kamar sata ko zamba, to tuhuma ce ake nufi.

Fuska ta uku: ɗora nauyi, watau hori

Wannan ita ce jaridun Nijeriya suka fi so, kuma ita ce ta fi ruɗa sababbin masu karatu. Kusan duk taron da babban mutum ya yi jawabi, washegari za ka ga ya "charge" wasu.

"Emir charges farmers to repay loans." Sarki ya hori manoma su biya bashi.

"Chairman charges youths on peace." Shugaban ƙaramar hukuma ya hori matasa a kan zaman lafiya.

Babu kotu a nan, babu tara. Kira ne da jan hankali. Alamarta ita ce mai maganar babba ne, kamar gwamna ko sarki ko kwamishina, waɗanda aka yi wa maganar jama'a ce mai yawa, sannan "to" da aikin da ake so a yi, ko "on" da batun da aka yi magana a kai. 'Yan uwanta a jarida su ne "urges" da "tasks", duk tafiyarsu ɗaya.

Manoman shinkafa na jiharmu sun ga irin wannan kanun labari da yawa bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015. Duk lokacin girbi sai a hori manoma su biya. Wanda bai san wannan fuska ba sai ya zaci an kai manoma kotu. Amma fa a lura, hori bai goge bashi ba. Bashi yana nan sai an biya.

Ga tarko ɗaya. "Charged to court" da "charged to repay" duk suna da "to". Bambancin shi ne abin da ya biyo baya. In kotu ce, shari'a ce. In aiki ne, hori ne.

Haka kuma wani lokaci "with" kan zo da aiki maimakon laifi. "Committee charged with distributing fertiliser" na nufin kwamitin da aka ɗora wa alhakin rabon taki. Ba a tuhumi kowa ba, domin rabon taki ba laifi ba ne. Amma "charged with diverting fertiliser" tuhuma ce ta karkatar da taki. Dole mai karatu ya karanta jimla har ƙarshenta.

Fuska ta huɗu: riƙon ragama

Wanda aka ɗora wa nauyin wuri shi ne "in charge". Shi ya sa muke kiran shugaban ƙaramin asibitin ƙauye incaji. "Officer in charge" shi ne jami'in da ke shugabantar ofis ko shingen bincike. "Takes charge" na nufin ya kama aiki, ya karɓi ragama.

"New controller takes charge." Sabon kwanturola ya kama aiki.

Amfanin wannan a bayyane yake. Idan wata matsala ta same ka a ofis ko a kan iyaka, kada ka ɓata bakinka da wanda ba shi da ikon warware ta, balle ɗan kamasho da ke rakuɓe a bakin ƙofa. Tambaya cikin ladabi: "Who is in charge?" Watau wane ne shugaba a nan?

Fuska ta biyar: cika batir

Wannan kowa ya san ta, musamman tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Ana yi wa batir lodin wuta kamar yadda ake yi wa mota lodin kaya. "Recharge" shi ne sake cikawa, daga nan katin waya ya samo sunansa na Turanci. 'Yan jarida kuma sukan ari wannan ma'ana su ce "charged atmosphere", watau wuri ya ɗauki zafi, rai ya ɓaci, ana gab da rikici. Lokacin zaɓe za ku riƙa cin karo da ita.

Fuska ta shida: kai farmaki

Idan "at" ta biyo baya, ma'anar ita ce afka wa wani da gudu.

"Hippo charges at fishermen." Dorina ta kai wa masunta farmaki.

Masu kamun kifi a kogin Kwara, daga Dole Kaina zuwa Lolo har Yawuri, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Kishiyarta: "discharge"

Tun da "charge" ɗorawa ce, "discharge" saukewa ce. Tanka na sauke mai, asibiti na sallamar majiyyaci, soja na barin aiki, duk "discharge" ake cewa. A kotu kuwa sai an yi hattara. "Discharged" kaɗai na nufin an sallame shi, amma sau da yawa ba a kai ga duba gaskiyar maganar ba, kuma ana iya sake gurfanar da shi. "Discharged and acquitted" na nufin an sallame shi kuma an wanke shi. Sashe na 36 ya hana a sake yi wa wanda aka wanke shari'a a kan laifin nan, sai dai da umarnin kotun da ke sama. Wanda aka sallama daga kotu ya nemi takardar hukuncin, ya sa a karanta masa, ya adana ta.

Wani abu kuma, a bakinmu mukan ce an caje mota idan an bincike ta. Turancin wannan "search" ne, kalma ce daban. Kada a haɗa su.

Taƙaitawa

Idan ka ci karo da "charge", dubi maƙwabciyarta:

1. "With" da sunan laifi, ko "to court": tuhuma.
2. Adadin kuɗi, ko "for" da kaya ko aiki: farashi.
3. "To" da aiki, ko "on" da batu: hori.
4. "In charge" ko "takes charge": shugabanci.
5. Waya ko batir: cika wuta.
6. "At": farmaki.

Sannan kada ka tsaya a kanun labari. Karanta sakin layi na farko, domin a nan ɗan jarida ke faɗin wane ne, me ya faru, a ina, kuma yaushe.

Aikin gida

Fassara waɗannan zuwa Hausa, sannan ka rubuta lambar fuskar da kowacce ta dace da ita:

1. Herder charged to court.
2. District head charges parents on girls' education.
3. Boat operators charge N500.
4. Police to charge two with fraud.
5. Nurse in charge transferred.
6. Court discharges, acquits trader.
7. Vaccination is free of charge.
8. Panel charged with settling land dispute.

Malaman azuzuwan manya su rubuta jimlolin a allo, su bar ɗalibai su yi muhawara kafin a ba da amsa. Wanda ya samu tsohuwar jarida ya zo da ita aji, a ja layi ƙarƙashin duk "charge" da aka gani, a tantance ta. Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba.

Shi kuwa dattijon nan, daga baya dangi sun samu lauya, aka nemi beli a kotu, aka kuma samu, shari'a ta ci gaba bisa ƙa'ida. Sa dai bai dawo ba. Da muka sake haɗuwa ya ce mini, "Malam, yanzu duk takardar da ta zo gidana, mutum biyu nake sa su karanta mini, kowa daban." Na ce, "Baba, ka yi daidai. Amma in ka shiga aji, kai ne za ka zama na ukunsu." Ya yi dariya ya ce zai duba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kalmar "clear", wadda masu fiton kaya a kan iyaka ke ji kullum. Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.